Cizon Kare a Zamfara: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Sanin kowa ne cewa a duk lokacin da aka ji labarin kare ya ciji yaro a wata unguwa ta Gusau, ko kuwa mahaukacin kare ya faɗa wani ƙauye a yankin Tsafe ko Bunguɗu ya raunata mutane, kiraye-kiraye iri biyu ne ke tashi nan take. Wasu sai su ce a haramta ajiye manyan karnukan nan na ƙasashen waje da masu hali ke sayowa don gadin gidajensu, irin su Rottweiler da Boerboel da Pitbull da kuma Alsatian, wanda aka fi sani da karen 'yan sanda. Wasu kuma sai su ce a bi unguwa-unguwa da bindiga ko guba a kashe duk karen da aka gani yana yawo, a huta. Ba mu ga laifin masu wannan kira ba, domin duk wanda ya taɓa ganin fuskar yaron da kare ya yaga, ko ya ga mutumin da ciwon haukan kare ya kama yana firgita da ganin ruwa, ya san abin ba na wasa ba ne. Sai dai ra'ayinmu shi ne, dokar da za ta auna kare da irinsa, ta ƙyale wanda ya ajiye shi, ba za ta kare ɗan kowa daga cizo ba. Wannan shi ne Bahaushe ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Kafin mu shiga batun gida, yana da kyau mu leƙa ƙasashen da suka riga mu gwada wannan hanya, tun da hangen nesa ya fi gaban goshi. A 1991, bayan wasu munanan hare-hare da jaridu suka yayata, majalisar dokokin Birtaniya ta yi gaggawar kafa dokar karnuka masu haɗari, wadda ta haramta nau'i huɗu: Pitbull da Tosa na Japan da Dogo na Ajantina da Fila na Burazil. Shekaru 27 bayan haka, wato a 2018, kwamitin majalisar da ke kula da muhalli da abinci da harkokin karkara ya binciki dokar, ya gano cewa yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda cizon kare ya ƙaru da kashi 81 cikin ɗari tun daga 2005, sa'annan da yawa daga cikin karnukan da suka kashe mutane ba sa cikin jerin waɗanda aka haramta. Bugu da ƙari, masu kiwon karnuka sun yi ta haɗa iri da iri har suka samar da wani ƙaton kare da ake kira XL Bully, wanda ba ya cikin jerin, ya kuma halaka mutane da dama, har ta kai an ƙara sunansa, aka haramta mallakarsa ba tare da takardar izini ba a Ingila da Wales daga ranar 1 ga Fabrairu, 2024. Watau doka tana bin sawu, masu neman mugun kare kuma suna gaba da ita da taki guda.

Ƙasar Holan ma ta haramta Pitbull a 1993, amma a 2008 ta soke haramcin, bayan bincike ya nuna cewa cizon bai ragu ba. Italiya kuwa ta fitar da dogon jerin nau'o'in karnuka masu haɗari a 2003, ta yi ta rage shi, daga bisani a 2009 ta yi watsi da jerin baki ɗaya, ta ɗora alhakin duk ɓarnar da kare ya yi a wuyan mai shi. Waɗannan ƙasashe ne da ke da rajistar karnuka, da likitocin dabbobi a kowane gari, da kotunan da ke da lokacin sauraron shari'ar kare guda. Idan har su abin ya gagare su, mene ne zai sa mu ɗauka zai yi aiki a Tudun Wada ko Samaru ko Damba?

Mu ɗauka ma an kafa irin wannan doka a Zamfara. Wane ne zai tantance irin karen? Mafi yawan karnukan da ake sayarwa da sunan na waje a Arewacin ƙasar nan ba su da wata takardar asali, kuma da yawansu ruwa biyu ne, uba daga waje, uwa ta gida, ko kuwa haɗin da mai sayarwar kansa bai san tushensa ba. Ke nan sai a bar ɗan sanda ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ya dubi girman kai da faɗin ƙirji ya yanke hukunci, kuma mun san inda irin wannan ke ƙarewa a ƙasarmu: mai abin hannu ya saye takarda a ce karensa halal ne, talaka kuma a ƙwace nasa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, duk wanda ya ji tsoron za a kama karensa, ɗaya daga cikin abu biyu zai yi. Ko dai ya ɓoye shi a bayan gida, ya daina kai shi wurin likitan dabbobi don rigakafi, ko kuma ya ɗauke shi da daddare ya sake shi a bayan gari. Ta kowace fuska, dokar da aka yi don rage haɗari ita ce za ta ƙara shi.

Wani hanzari ba gudu ba, ba mu musanta cewa ƙarfin karnuka ya bambanta ba. Karen da nauyinsa ya haura kilo hamsin, idan ya kama yaro ɗan shekara biyar, ɓarnar da zai yi ta wuce ta ɗan karen ƙauye nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne yana yaudarar kansa. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne, gwargwadon ƙarfin kare, gwargwadon nauyin sharuɗɗan da ya kamata a ɗora wa mai shi. Ai ba a haramta tirela don ta fi ƙaramar mota ɓarna idan ta ƙwace ba. Lasisin tuƙa ta aka tsananta. Karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa a rana tun yana ƙarami, ana barinsa da yunwa da gangan wai don ya yi zafi, ba ya ganin kowa sai maigadin da ke dukansa, to ko wane iri ne shi, ranar da sarƙar ta tsinke sai ya yi ɓarna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma halin kare, bayan abin da ya gada, hannun da ya rene shi ne ke gyara shi ko ya lalata shi.

To, amma mu dawo kan abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A yankinmu, abin da ke kashe wanda kare ya ciza, a mafi yawan lokuta, ƙwayar cutar da ke cikin yawun karen ce, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwon yakan yi wata biyu zuwa uku a jiki kafin ya bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamunsa sun fito, kusan babu mai tsira. Wannan ƙwayar cuta ba ruwanta da irin kare. Tana kama Rottweiler na miliyoyin naira kamar yadda take kama karen da ke kwana a juji, tana kama kyanwa da saniya da jaki. Abin da ya raba karen da zai kashe ɗanka da wanda zai ji masa rauni kawai shi ne allurar rigakafi guda a shekara, kuma a nan ƙasar ake yin ta, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Su kuma masu cewa a bi karnuka a kashe, tarihi ya riga ya ba su amsa. Lokacin da ciwon ya ɓulla a tsibirin Bali na ƙasar Indunisiya a 2008, hukumomi sun fara da kashe karnuka dubbai, amma cutar ta ci gaba da yaɗuwa har ta kashe fiye da mutum ɗari, ba ta fara lafawa ba sai da aka koma ga yi wa karnuka rigakafi gida-gida daga 2010. Dalilin a fili yake. Mai guba ba ya bambance karen da aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, kuma karen da ya fi sauƙin kamawa shi ne mai lafiya da ya saba da mutane. Idan aka kashe su, matuƙar jujin yana nan, kwata tana zubar da jini da kayan ciki a fili, to cikin 'yan watanni wasu karnukan za su zo daga wani wuri su maye gurbin, ba kuma wanda ya san abin da suka ɗauko. Ga kuma haɗarin gubar kanta ga yara da awaki da kaji da ungulu. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki rigakafi, aka kuma dawwama a kai shekara bayan shekara, cutar takan yanke. Da haka ƙasar Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da ciwon da mutane ke ɗauka daga kare a matsayin matsalar lafiyar jama'a.

Akwai kuma wani abu da duk mai son yin doka kan kare a Zamfara bai kamata ya manta da shi ba, wato halin rashin tsaro da jihar ta shafe fiye da shekara goma tana fama da shi. Ga manomin da ke zaune a gefen daji a yankin 'Yankuzo ko Keta, ko makiyayin da ke bayan Kwatarkwashi ko Nahuce, haushin kare da tsakar dare na iya zama bambanci tsakanin tsira da faɗawa hannun 'yan bindiga. Idan ba a manta ba, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar, kuma a irin wannan lokaci mutumin ƙauye ba shi da wani mai faɗakar da shi da ya wuce kunnensa da karensa. Haka nan tsoron masu satar mutane ne ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a Gusau suka koma ajiye manyan karnuka. A ɗaya ɓangaren, idan aka tashi ƙauye, mutane suka gudo cikin gari da abin da suka iya ɗauka, karnukan da aka bari ba su da mai ciyar da su, ba su da mai yi musu rigakafi, sai su koma yawo tsakanin daji da gefen gari. Saboda haka matsalar tana da fuska biyu: mutane na da buƙatar kare ta gaskiya, sa'annan karnukan da ba su da mai su na ƙaruwa. Haramta wani iri ba ya warware ko ɗaya daga ciki.

Da yake Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, ya dace mu tambayi abin da fiƙihunmu ya ce, kuma abin sha'awa shi ne malamanmu na Malikiyya sun riga Turawa isa wurin da muke magana. Hadisai ingantattu sun yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, sun kuma gargaɗi mai ajiye shi ba da wata buƙata ba da tauyewar lada. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Ma'ida, ya halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, wanda ke nuna cewa horo shi ne ma'auni. A wurin Imam Malik, kare mai rai ba najasa ba ne. Malaman da suka yi sharhin Risala sun kawo labarin cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi kuma zamani ya yi tsanani, da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da abin da ya fi kare ma zai ajiye. Mafi muhimmanci, littattafan Malikiyya, ciki har da Mukhtasar na Shehu Khalil da ake karantawa a zaurukanmu, sun yi magana a kan kare mai cizo, suka ɗora lamuni a kan mai shi idan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba har karen ya yi ɓarna. Watau shari'a ta dubi buƙatar da ta sa aka ajiye kare, ta dubi halinsa, ta dubi sakacin mai shi. Ita ce kuma shari'ar da ta ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, abin da ya isa ya hana mu watsa guba a titi dabbobi su mutu cikin azaba.

Saboda haka muna ganin abin da ya kamaci Majalisar Dokokin Jihar Zamfara shi ne ta dubi tsofaffin dokokin karnuka da muka gada tun zamanin Turawa, waɗanda suka tanadi lasisi da lambar wuya amma aka bar su ƙura ta rufe, ta sabunta su yadda za su dace da yau. Kowane kare, na gida ne ko na waje, a yi masa rajista da sunan mai shi, a ɗaura masa lamba, kada kuma a sabunta rajistar sai da shaidar rigakafin shekarar. Kuɗin rajistar karen farauta da na kiwo da na ƙauye ya zama kaɗan ƙwarai ko ma kyauta, domin manufar ita ce a san karen, ba tara haraji ba. Shi kuwa mai ajiye babban kare a cikin gari, a wajabta masa katanga da ƙofa masu ƙarfi, da sanarwa a bakin ƙofa, da sarƙa da takunkumi duk lokacin da zai fito da shi. Idan kare ya ciji mutum, mai shi ya biya kuɗin magani gaba ɗaya, har da allurai, ya kuma biya diyya gwargwadon raunin. Wanda aka gargaɗa ya yi kunnen uwar shegu, ya fuskanci hukunci mai tsanani, a kuma hana shi sake ajiye kare. Birtaniya ma a 2014 sai da ta gyara dokarta ta wannan fuska, ta sa laifin ya shafi cizon da ya faru a cikin gida, ta kuma ɗaga hukuncin mai karen da ya kashe mutum zuwa ɗaurin shekara 14. Masu sana'ar kiwon karnuka da sayar da su ma a sa su yi rajista, domin daga hannunsu matsalar ke farawa.

Doka kaɗai ba ta isa ba sai da aiki. Muna kira ga ma'aikatun da ke kula da lafiyar dabbobi da lafiyar mutane a jihar da su ware kuɗi a kasafin kowace shekara don gangamin rigakafin karnuka kyauta, a fara da Gusau da Tsafe da Bunguɗu, tun da su ne ke kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta wuce Sakkwato, inda mutane da dabbobi ke kaiwa da komowa. Kada abin ya tsaya ga bikin ranar 28 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya, inda za a yi jawabi a ɗauki hoto a watse. Najeriya na cikin ƙasashen da suka rungumi burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan ciwo nan da 2030, kuma lokacin ya ƙarato. Masarautun Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu da Sarkin Kwatarkwashi suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san gidan da ke da kare da gidan da babu, ga kuma shugabannin mafarauta da ardo-ardo, waɗanda kalmarsu guda za ta tara karnukan da ma'aikacin gwamnati zai yi wata bai gani ba. Ana iya neman taimakon sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙananan hukumomi kuma su killace kwata da juji, domin inda abinci yake nan kare yake taruwa. Karen da ya nuna alamun hauka, ko wanda ya addabi jama'a ba shi kuma da mai shi, likitocin dabbobi su kawar da shi ta hanyar da ta dace, wannan babu jayayya a kai.

Haka kuma wajibi ne a tabbatar da cewa allurar da ake yi wa wanda kare ya ciza tana nan a kowane lokaci a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau, da kuma manyan asibitocin Tsafe da Bunguɗu, a farashin da talaka zai iya, domin tsadarta ce ke sa iyaye da yawa komawa gida bayan allurar farko, ko su nufi wurin mai maganin gargajiya. Limamai a huɗubobinsu, da gidajen rediyo, da malaman makarantu, su yi ta nanata wa jama'a cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, ya kuma kammala alluran da aka rubuta masa. Idan an san karen kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a killace shi a sa masa ido na kwana goma a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allurar. Yara kuma a koya musu su daina jifan kare, su daina taɓa wanda ke cin abinci ko wadda ke shayarwa, su kuma faɗa wa iyayensu ko da ƙaramin rauni ne, domin da yawa kan ɓoye saboda tsoron faɗa.

A ƙarshe, muna tunatar da masu karatunmu, waɗanda da yawansu su ne ke da halin sayen irin waɗannan manyan karnuka, cewa duk wanda ya ajiye kare ya ɗauki amana biyu, ta dabbar da ta maƙwabcinsa. Almajirin da ya leƙo ƙofarka neman sadaka, da yarinyar da aka aiko da saƙo, da mai kawo ruwa, duk suna da haƙƙin su koma gida lafiya. Wanda ba zai iya ciyar da kare da horar da shi da yi masa rigakafi da tsare shi ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gwamnati kuma kada ta jira sai an yi jana'izar wani yaro sannan ta fito da sanarwar gaggawa da za a manta da ita cikin mako biyu. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya kuma dawo wa Zamfara da zaman lafiya mai ɗorewa, amin.